Fedar saita jita: abin dubawa kafin ka hau dandamali a Jidda ko Riyad

Lambar daidaito ita ce abu na farko da mai saye yake karantawa a jikin kwalin fedar saita jita, wato 'yar na'urar da ake ajiyewa a ƙasa ana takawa da ƙafa, mai nuna ko tsirkiya ta zauna daidai: wannan senti 1, waccan 0.1, wata ma har 0.02. Mai shago ma da ita yake tallata hajarsa. A dandamali kuwa, ita ce ta ƙarshe a lissafi. Senti ma'aunin tazarar sauti ne: tsakanin gaɓa ɗaya da mai bi mata a wuyan jita akwai senti 100, kuma kunnen yawancin mutane ba ya fara jin karkata sai an kai wajen senti 5. Danna tsirkiya da ɗan ƙarfi kaɗai yana iya ɗaga ta fiye da haka. Don haka duk fedar da ta kai senti 1 ta wadatar da aikin biki. Abin da zai ba ka kunya a gaban jama'a daban ne: fedar da ba ka iya ganin fuskarta, ko mai jinkirin kama sauti, ko wadda wutarta ta ɗauke ana tsakar waƙa, ko kuma wadda ta ɗora ka daram a kan ma'aunin 440 alhali mai org, wato kibod ɗin kiɗa, yana kan 442.

Wasu sukan ce me ya kai su sayen feda ga manhaja a waya, ga kuma 'yar maƙale da ake maƙalawa a kan jita. Manhajar waya da makirufo take ji, a ɗakin biki kuwa makirufo zai kwaso ganga da guɗa da muryar sanƙira gaba ɗaya. 'Yar maƙale ta fi ta, domin girgizar katako take karantawa, amma da mai bes ya kunna amfilifayarsa kusa da kai, katakon jitarka zai ɗauki girgizar da ba taka ba, sai ka ga harafi yana tsalle. Ga shi kuma ba ta yanke sauti, kowa zai ji kana murɗa. Feda tana karanta wutar da ke fitowa daga fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jita, ta cikin waya, hayaniyar ɗaki ba ta shafe ta ba, kuma da ka taka ta sautin da ke zuwa sifika ya mutu. Wannan yankewar rabin amfaninta ne. Da ita za ka yi shiru in dattijo ya karɓi makirufo zai yi addu'a, da ita za ka zare waya ka canja jita ba tare da sifika ta yi tsawa ba. Ka ajiye 'yar maƙale a jaka don ranar tsiya.

Daga idonka zuwa ƙasa kusan mita ɗaya da rabi ne, kuma a tsaye za ka karanta, jita na rataye a gabanka. A shago kowa a kan tebur yake gwadawa, ido na kusa. Ka sa a ajiye maka ita a ƙasa, ka miƙe. In sai ka sunkuya kafin ka bambance B da D, ka bar ta. Sannan ka tuna inda ake wasa a nan. Yawancin shagulgulan iyali a istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, ake yinsu, fili ne a buɗe, kuma gwajin sauti bayan la'asar ake yi, rana na dukan fedar kai tsaye. Ƙananan fitilu a nan suke bacewa. Boss TU-3 tana da yanayin ƙarin haske don irin wannan wuri. PolyTune ta TC Electronic tana auna hasken wurin ta daidaita kanta. Peterson StroboStomp HD allo gare ta babba, ana kuma iya canja launinsa, abin da ke da amfani da dare in mai fitilu ya cika dandamali da ja. Sai dai allo irin nata yana da halinsa: tabarau mai tace ƙyalli yana iya mai da shi baƙi ƙirin in ka duba ta wani gefe, kuma in ya gasu a rana yakan dusashe sai ya huce.

Nuni iri biyu ne. Akwai na allura, inda haske ke matsawa hagu in tsirkiya ta saki, dama in ta yi tsauri, ya tsaya tsakiya in ta zauna. Akwai na sitirob, inda fitilu ke gudu, gudun yana raguwa har su tsaya cak. Na biyun ya fi gaskiya, amma tsirkiyar jita ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba, shi ya sa wanda bai saba ba zai yi ta bin fitilu mawaƙi yana jiransa. A ganina, allura don dandamali, sitirob don ranar gyaran jita a gida. Yawancin fedoji masu kyau suna da duka biyun. Wani nunin da PolyTune ta shigo da shi a 2010, na karanta tsirkiya shida a bugu ɗaya, yana da amfani guda mai ƙarfi: tsakanin waƙa da waƙa ka share su duka, ka ga wadda ta zame, ka gyara ta ita kaɗai. Gyaran kansa ka yi shi tsirkiya ɗai-ɗai.

Ka tabbata fedar tana karanta duk sautuka goma sha biyu, ba shidan jita kawai ba. Dalilin zai zo a batun org.

Sai maganar da ta fi raba kan masu jita, wato me ke faruwa da sautinka lokacin da fedar take kashe. Wasu fedoji suna haɗa mashiga da mafita kai tsaye, sauti ya wuce kamar babu komai a hanya. Wasu kuma suna da bafa, wata 'yar da'ira da ke aiki kullum, tana karɓar siginar fikof mai rauni ta fitar da ita da ƙarfin da doguwar waya ba za ta cinye ba. Wayar jita tana shan kaifin sauti gwargwadon tsawonta, kuma da jimillar ta wuce kamar mita 6 za ka fara jin jitar ta dushe. Ka lissafa: mita 5 daga jita zuwa feda, gajerun wayoyi tsakanin fedoji, sai wata mita 5 ko 6 zuwa amfilifaya. Ka riga ka wuce. A irin wannan shiri, bafa a fedar saiti alheri ce, tunda ita ce farko a layi, abin da ke bayanta duk ya tsira. TU-3 da bafa take aiki kullum. TU-3W da PolyTune 3 da StroboStomp HD suna ba ka zaɓi. In jitarka mai batir ce a ciki, ko kana amfani da na'urar da ba ta da waya, siginar ta riga ta yi ƙarfi, wannan muhawara ba ta dame ka ba. Inda bafa ke ɓata abu shi ne gaban tsohuwar fedar faz, mai kausasa sautin jita, irin ta Fuzz Face. Ita tana son jin fikof kai tsaye, da bafa a gabanta sai ta yi ƙara mai kaushi, kuma rage murya daga jikin jita ba zai ƙara tsabtace ta yadda aka saba ba. Mai irin wannan feda ya sa ta farko, fedar saiti ta biyo, ya riƙa kashe faz ɗin kafin ya yi saiti.

Ban da wannan, gurbin fedar saiti shi ne na farko bayan jita. In ka sa ta bayan feda mai kaɗa sauti ko mai maimaita shi, abin da zai iso mata ya riga ya lanƙwashe, sai ta yi ta rawa.

Wuta ita ce ta fi kashe fedoji a ƙasar nan. Kusan dukansu 9V suke ci, kuma tsakiyar bakin adaftar nagatif ce. Ka duba zanen da ke jikin adafta: alamar ragi ce ya kamata ta nufi ɗigon tsakiya. Adaftar na'urar intanet ta gida da ta org da yawa 12V ce mai fozitif a tsakiya, bakin kuma yana iya shiga daidai, nan ne haɗarin yake. Kada ka ara daga hannun kowa sai ka karanta jikinta. Wutar Saudiyya 230V ce a kan 60Hz, amma tsofaffin gine-gine a Jidda da Makka har yanzu ana samun soket na 127V a cikinsu, wani lokaci a ɗaki ɗaya da na 220V. Adaftar da aka rubuta 100 zuwa 240V a jikinta ita ce ta raba ka da wannan fargaba. Wadda aka yo odarta daga Amurka mai 120V kaɗai, sokawa ɗaya a soket na 230V za ta ƙone.

Batir kuwa, ga lissafinsa. TU-3 tana jan kusan 30 mA, in ka kunna ƙarin haske ta haura zuwa 85 mA. Batirin 9V mai kyau yana ɗauke da kamar 500 mAh, ke nan da ƙarin haske bai fi awa biyar zuwa shida ba, ko ƙasa da haka. Kuma a irin waɗannan fedoji, soka waya a mashiga shi ne kunna wuta. Ka bar waya a ciki ka tafi sallah da cin abinci, batir yana ta zuba ko da fuskar fedar a kashe take. Mai feda da bafa ya ƙara kula, domin in batir ya mutu ba saiti kaɗai ya rasa ba, sautin ma gaba ɗaya ya tafi. Ƙananan fedoji irin PolyTune Mini ba su da ɗakin batir sam, sai adafta. TU-3 tana da wata kafa ta raba wa sauran fedoji wuta, abin yana rage wayoyi, amma in ka ji wani siririn kuka a sifika da ke canjawa duk lokacin da ka taka feda, rabon wutar ne. Maganinsa akwatin wuta mai kafofi a ware.

Wani abu da ke ruɗa sababbi: ba ka taɓa tsirkiya ba, amma fuskar feda tana ta lilo tsakanin A# da B. Ba lalacewa ta yi ba. Gurnanin wutar gari take ji ta cikin fikof, 60Hz kuma ya faɗo kusan tsakiyar waɗannan biyun, 58.27 da 61.74. A Sudan, inda wuta take 50Hz, G za ka gani. Ka ɗan juya jikinka, ko ka matsa daga fitilun ado da tiransifoma, zai ragu.

Yanzu ga inda aikin yake. A bikin Hausawan Saudiyya, ko mawaƙin Bahaushe ne ko ɗan Sudan ko mai waƙar Haliji, org ne uban tafiya, shi kuma ba a murɗa shi a tsakar wasa. Saboda haka saitin jitarka ba da feda zai daidaita ba, da org zai daidaita, feda ma'auni ce kawai. Ma'aunin da aka saba shi ne A a kan 440Hz, amma ana iya matsar da org zuwa 442 ko wani wuri, wani lokaci mai shi ma bai sani ba, haka ya saye shi a hannu. Bambancin 440 da 442 kusan senti 8 ne, duk Hz ɗaya wajen senti 4. Senti 8 a dogon sauti kowa zai ji shi yana kaɗawa, kuma mai jita za a harara.

Gwajin ba ya cin minti biyu. Ka ce wa mai org, "Malam, ba ni A mai tsabta." Ya zaɓi muryar da ba ta kaɗawa, ya kashe duk wani ado, ya rage ƙara, ka ɗauko waya daga mafitarsa ka soka a fedarka. In allura ta tsaya tsakiya, shi ke nan. In ta karkata, ko dai ya mai da nasa 440, wanda shi ne ya fi, ko kai ka matsar da ma'aunin fedarka har allurar ta zauna, sannan ka saita jita a kai. TU-3 tana matsawa daga 436 zuwa 445Hz, wato daga kamar senti 16 ƙasa zuwa 20 sama. Na Peterson sun fi haka faɗi nesa ba kusa ba. Bayan an tashi, ka mai da ita 440. Kuma ka riƙa duba wannan lamba duk lokacin da ka kunna feda, domin ɗan maɓallin yakan dannu a cikin jaka. Ƙungiyar da ke da jita biyu da bes, kowa ya duba tasa, su zama lamba ɗaya.

Sai batun sauke murya. Mawaƙi ya ce waƙar ta yi masa sama, mai org ya danna maɓalli ɗaya ya sauko da rabin mataki, yatsunsa ba su canja wuri ba. Kai ba ka da wannan gata. Ko ka canja gaɓa, ko ka ɗaura kafo, wato matsen da ke danne duk tsirkiyoyi a gaɓa ɗaya, ko ka sauke jitar gaba ɗaya zuwa Eb, Ab, Db, Gb, Bb, Eb. Wasu fedoji za su nuna maka waɗannan a matsayin D#, G#, C#, F#, A#, D#, abu ɗaya ne, ka haddace duka biyun. Akwai yanayin da feda ke ci gaba da nuna E alhali tana sauke ka, TU-3 har rabin mataki shida take yi. Ban cika son sa ba, domin mantawa da shi a kunne ya fi sauƙi a kan haddace haruffa shida. Kafo kuma yana danne tsirkiya ya ɗaga ta, musamman masu kauri. Ka ɗaura shi dab da bayan ƙarfen gaɓa, ka sake duba saiti yana ɗaure.

Waƙoƙin Hausa da na Sudan yawanci a kan sautuka biyar suke tafiya, jita tana shiga cikinsu ba gardama. Rikicin yana zuwa ne in an juya zuwa maƙam, wato jerin sautukan kiɗan Larabawa, irin Rast ko Bayati. A nan mai org zai sauke wasu maɓallai da senti 50: Bayati a kan D tana da E da ta faɗo tsakanin E da Eb, Rast a kan C tana da irin wannan a E da kuma B. In ka auna wannan sauti da feda za ka ga tana kai-kawo tsakanin haruffa biyu, domin a kan iyaka yake. Kada ka ce org ya ɓaci, kada kuma ka murɗa tsirkiyarka ka bi shi. Jita mai gaɓoɓi na yau da kullum ba ta da wannan sauti. Ka riƙe tushe da na biyar, ka bar na tsakiyan ga org da ud, ko ka kama Eb ka ja tsirkiya kaɗan in hannunka ya ƙware. Mai ud da mai goge da mai gurmi da kunne suke ɗaurewa, su ma daga org za su ɗauka, ba daga jitarka ba.

Ko a waƙar da ba ta da maƙam, za ka iya ganin feda ta ce komai daidai amma haɗin G da B a buɗe ya yi maka tsami. Haka tsarin gaɓoɓin yake, wannan tazara ta fi ta asali faɗi da kusan senti 14, org ma haka yake. In ka sassauta B don ta yi daɗi a nan, za ta ɓaci a wani haɗin. Peterson tana da saituka na musamman masu rage wannan tsami, suna da daɗi in kai kaɗai ne, amma tare da org ka tsaya a kan na kowa.

Zafi da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba su bar jita ta zauna lafiya ba. Riyad da rani tana haura digiri 45, cikin mota a rufe kuwa ya fi haka nesa, ɗakin taro kuma an sanyaya shi zuwa ashirin da 'yan kai. Tsirkiyar ƙarfe tana saki in ta ɗumama, tana tsauri in ta yi sanyi. Jitar da ta fito daga but ɗin mota aka saita ta nan take, bayan kwatan awa za ta hau. Ka buɗe jakar, ka bar ta ta sha iskar wurin minti 20 zuwa 30, ka saita, ka yi wasa kaɗan hannunka ya ɗumama tsirkiyoyin, ka sake saitawa dab da farawa. Kada ka jingine ta a saitin iskar mukayyif. Laimar Jidda da Dammam tare da gumin hannu suna sa tsatsa da wuri, tsirkiya mai tsatsa kuma nauyinta ba ɗaya ba ne daga kai zuwa gindi, shi ya sa allura ke yawo a kanta. Da yawa sun canja feda alhali tsirkiya ce ta tsufa.

Yadda ake bugawa ma yana canja abin da feda ke gani. Ka koma fikof na wajen wuya, ka buɗe murya duka, ka rage kaifi, ka danne sauran tsirkiyoyi da tafin hannu. Bugun farko kullum yana ɗan hawa kafin ya sauko, musamman a E mai kauri, wadda ke kan 82.4Hz. In kiɗan mai sauri ne, ka riƙa bugawa akai-akai da irin ƙarfin da za ka yi wasa da shi, ka saita a kan wannan. Kullum daga ƙasa ake hawa: in ka zarce, ka sauko ƙasa da wurin ka sake hawa, in ba haka ba ragowar saki zai ɓuya a mamurɗi ya fito a tsakar waƙa. Ka saita jita tana rataye yadda za ka kaɗa ta, hannunka kuma kada ya danna kanta. In kana murɗawa ka ji "ƙis" sannan sauti ya yi tsalle, tsirkiya ce ke maƙalewa a ramin ƙashin wuya, ka goga bakin fensir a ramin. Jita mai jaki mai lilo sai an zagaya sau biyu ko uku, domin ɗaure ɗaya yana sassauta sauran. In kuma a buɗe daidai ne amma can ƙasan wuya ya karkace, ka auna gaɓa ta 12: in ta hau, ka ja sirdin wannan tsirkiya baya, in ta sauka ka turo shi gaba. A nan ne sitirob da lambar 0.1 suke biyan kuɗinsu.

Game da saye, sabuwar TU-3 ko PolyTune 3 ko ɗaya daga cikin Pitchblack na Korg duk a kewayen dala ɗari suke a kasuwar waje, wasu ƙasa kaɗan wasu sama. Riyal 3.75 ne dala, ka ƙara kuɗin aike da harajin kashi 15 cikin ɗari, sai ka san ko farashin shago ya yi adalci. Wanda aikinsa biki ne a fili, kayansa kullum a bayan mota, TU-3 zan nuna masa saboda ƙarfin jikinta da ƙarin haske. Mai canja jita da kafo akai-akai, PolyTune 3. Mai gyaran jita da kansa, ko mai yawan aiki da masu ud, Peterson. Masu arha marasa suna wasu suna karantawa daidai, inda suke gazawa shi ne maɓallin takawa da saurin kama tsirkiya mai kauri.

Ta hannu ana samu a dandalin Haraj, amma kada ka biya sai ka gwada da jitarka da amfilifaya. Ka taka ta sau ashirin a jere kana saurare: ƙura tana shiga maɓalli, sai ya riƙa tsallake taku ko ya yi ƙara. Ka girgiza waya a mashiga da mafita ka ji ko sauti na yankewa. Ka buɗe ɗakin batir ka duba farin gari ko kore a kan ƙarafan, alamar batir ya taɓa zubewa a ciki. Ka gwada ta da batir, ka gwada da adafta, domin wadda aka taɓa soka wa wutar da ba tata ba takan yi aiki da ɗaya ta ƙi ɗayan. Ka taka ta ka ƙure muryar amfilifaya, ka buga da ƙarfi, kada ka ji ko ɗigon sauti yana tsiyaya. In kai mai bes ne mai tsirkiya biyar, ka gwada B ta ƙasa, 30.9Hz, a buɗe. Fedar da ta yi daƙiƙa biyu tana tunani kafin ta nuna harafi, ko ka rage mata kuɗi ka riƙa saita wannan tsirkiya ta taɓa ta a saman gaɓa ta 12, ko ka nemi wata.